Caki a Bakin Farida

Gidan Rumji, 6 ga Oktoba

Zuwa ga Yayata Asama'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Hashimu da yara. Yaya gajiyar kaka? Na ji an ce geronku ya yi kyau bana, Allah ya sa masa albarka.

Yaya, sau uku ina kiranki, rezon wayar Gangara bai bari mun gama ko gaisuwa ba. Kuma maganar ba ta waya ba ce, don gidan nan kunnen kowa a buɗe yake. Shi ya sa na rubuto. Zan ba Iro direba ya sauke miki a tashar Gazawa.

Maganar Farida ce. Watan jiya ta cika shekara huɗu, har yanzu kalmominta ba su wuce biyar ba: mama, ruwa, a'a, da wasu biyu da ni kaɗai ke gane su. Sai ki kira ta sau uku ba ta waiwayo ba. Ranar da aka buɗe lakol, wato makaranta, na kai ta jardan, ajin ƙananan yara. Kwana uku ta yi. Madam ɗin ta ce tana shiga lungu ta zauna, ana waƙa ba ta yi, ana kiran suna ba ta amsawa, gara in bar ta gida sai baɗi.

Hajiya, kakarta ta wajen uba, ta ce iska ce. An sha rubutu, an yi turare, an kai ta Tibiri wajen wani mai magani har sau biyu. Babanta ya ce taurin kai ne, wai shi ma bai yi magana da wuri ba. Ni kuwa ina zuwa gidan likita in karɓi haihuwar 'ya'yan mutane da hannuna, in dawo in tarar da tawa tana kallon bango.

Zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Tun da na haifi ƙanenta Bubakar, waya nake miƙa mata. Ina dawowa a gajiye, jariri na kuka, sai in kunna mata hotuna masu motsi, ta zauna shiru har la'asar. Babanta kuma ba ya son ta fita tsakar gida, kada ta yi datti. Yaya, ina tsoron ni na rufe mata baki da hannuna.

Ke shekararki goma sha biyu kina riƙe da ƙananan yara a jardan. Don Allah ki karɓe ta, ko wata biyu ne. Da ƙyar babanta ya yarda, da sharaɗin za ta riƙa koyon karatu. In kin amince, Shatu 'yar Kawu za ta kawo miki ita ranar kasuwarku.

Ki gaida mutanen gida duka. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Saliha

*

Gangara, 27 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanwata Saliha,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya, alhamdu lillahi. Yaya aiki, yaya goyo? Malam na gaishe ku.

Ki share hawayenki, 'yarki tana ci tana ƙoshi. Amma bari in fara da faɗa: wace uwa ce ke turo yarinya Gangara da safa fara guda shida? Matan unguwa har leƙowa suka yi su ga mai safa.

Kin san jardan ɗinmu rumfar zana ce a gefen lakol, yara talatin da ɗaya, ba mu da ko 'yar tsana ta kanti. Daji ne kantina. Ina da baho huɗu: ɗaya yashi, ɗaya ƙaiƙayi, ɗaya wake, ɗaya lakar bakin tafki. Da safe yara su cusa hannu su gaya mini wanne ne da sanyi, wanne ke ƙaiƙayi, wanne ke manne wa yatsa. Ranar Talata da Alhamis kuma mu yi layi mu shiga gonar Malam, tunda an gama girbi. Mu murje ganye mu shinshina, mu tsinci tsakuwa, mu bi sawun ƙadangare mu ga inda ya shige. Daga nan nake ciro musu ƙidaya da launi da sababbin kalmomi.

Satin farko Farida tsayawa ta yi a bakin rumfa, hannuwa a sama kamar wadda aka sa wa lalle, kada wani abu ya taɓa ta. Ban matsa mata ba. Rana ta tara, Jaye, ɗan wani makiyayi, yaro mai ƙiriniya, ya ɗebo laka ya manna mata a ƙauri. Ta kurma ihu. Na taso zan goge, sai na ga ta yi shiru tana kallon lakar. Ta sa yatsa ɗaya ta taɓa. Ta kai hanci. Saliha, da kanta ta zauna ta cire takalmi da safa. Ranar sai da na yi mata wanka sau biyu.

Yanzu ita ce uwar bahon wake. Jiya ta zauna ta ware fari gefe, ja gefe, masu huji kuma ta tura su can nesa, ba wanda ya nuna mata. Ki gaya wa zuciyarki, wannan kai lafiyarsa lau. Tana son ƙamshin ɗoɗɗoya. Ta ɗanɗana ganyen dogon yaro sau ɗaya, da kin ga fuskar da ta yi da kin yi dariya har kin faɗi.

Magana dai ba ta ƙaru ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Maganar waya kuma, kin yi sakaci, amma na ga yaran da suka fi ta kallon waya kuma bakinsu bai mutu ba. Kada ki ɗora wa kanki duka.

Akwai abu ɗaya da ya tsaya mini a rai. Duk lokacin da ake daka, sai ta je ta rungume turmi da hannu biyu, ta kwantar da kumatunta a jikinsa tana murmushi. Sau uku ina janye ta don kada taɓarya ta same ta. Ba zan ce komai ba tukuna, ina dai kallo.

Da na shiga Gazawa na samu rezo, na tura miki hotonta ranar lakar. Ki shafa mini kan Bubakar.

Yayarki,
Asama'u

*

Gidan Rumji, 3 ga Nuwamba

Zuwa ga Malama Asama'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan Yaya tana lafiya tare da iyali. Ina miƙa gaisuwa ta musamman ga Malam Hashimu.

Da farko ina godiya da ɗawainiyar da kike yi da Farida. Allah ya saka da alheri.

Na biyu, na ga hoton da kika turo wa ƙanwarki. Ban gane 'yata ba sai da aka nuna mini. Ba takalmi, laka har gira, riga ba ta ganuwa. Yaya, abin da muka yi magana a kai shi ne za ta koyi karatu, ta riƙe allo da alli kamar sauran yara. Ban san wasan ƙasa ake nufi ba. Wannan lokaci ne na kunama da maciji a gonaki, ruwan tafki kuma kowa ya san abin da ke cikinsa.

Na uku, kuma wannan ya fi yi mini nauyi. A garin nan mutane sun riga sun fara magana. Wani abokin aikina a buro, wato ofishinmu, ya tambaye ni a gaban jama'a ko yarinyar tana da cikakken hankali. Na yi dariya, amma ranar ban iya cin abinci ba. Idan irin wannan hoto ya fita, me za su ce? Ni abin da nake iya yi mata shi ne in tsare mata mutuncinta, ta fito tsaf, kada a nuna ta da baki.

Saboda haka, ba da raini ba, na yanke shawara zan zo ranar Juma'a mai zuwa in ɗauke ta. Zan kwana Gazawa, in iso da safe. Ina roƙon a haɗa mata kayanta.

Ina fatan ba za a ɗauki wannan a matsayin rashin godiya ba. Allah ya bar zumunci.

Naku,
Sanda

*

Gangara, ranar Juma'a 8 ga Nuwamba

Saliha,

Sallama da gaisuwa. Ina rubuta wannan da sauri, maigidanki ya tafi masallaci tare da Malam, suna dawowa zai kama hanya. Zan sa takardar cikin jakar Farida. Na san shi, zai ba ki labarin cikin kalma uku, ni kuwa ina son ki ji shi duka.

Ranar da wasiƙarsa ta zo raina ya ɓaci, har na fara ninke kayanta. Amma a satin nan wani abu ya faru.

Ranar Litinin na sa yara suka yi caki. Kowa na ba shi ɗan gora busasshe, ya zuba tsakuwa, muka toshe baki da tsumma. Sai muka yi wasan da nake kira "ina ƙara take". Su rufe ido, in zagaya in kaɗa caki, su nuna da yatsa wajen da suka ji. Yara talatin suka nuna. Farida ta rufe ido don ta ga an rufe, amma hannunta na kan cinya. Can sai ta buɗe ido ɗaya, ta ga inda 'yar ajinsu Balkisu ta nuna, ita ma ta nuna. Na lallaɓa ta bayanta na kaɗa dab da ƙeyarta. Ko gezau. Na buga faranti da cokali, sai ta ɗan juyo kamar wadda aka kira daga wata unguwa.

Na ce a raina, shi ke nan, kurma ce. Kwana biyu ban san yadda zan rubuto miki ba.

Ranar Laraba muna ƙarƙashin gawo, sai na ji dariya, irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba. Na juya. Ta cije wuyan goran da haƙora, tana kaɗa kai, caki na ƙara, ita kuma tana ƙyalƙyalewa. Ta tsaya, ta cire, ta kaɗa da hannu, fuskarta ba komai. Ta mayar baki, dariya ta dawo. Sai na toshe kunnuwana da yatsu, na ciji nawa goran, na kaɗa kai. Saliha, kamar a tsakiyar ƙwaƙwalwata ake zuba tsakuwa! Nan na tuna da turmi.

Na durƙusa, na jingina haɓata a ƙashin bayan kunnenta, na ce, "Farida." Yarinyar nan ta sandare. Ta juyo a hankali, ta ɗora yatsunta kan leɓena. Na sake. Sai ta ce, "Ii-da." Yara suka ɗauki ihu suna kirana, "Tanti, ta yi magana!" Ni kuwa na zauna daɓas cikin yashi.

Yau da safe babanta ya sauka daga kabu-kabu, farar shadda, takalmi na ƙyalli. Ko ruwa bai sha ba ya ce, "Yaya, an haɗa kayan?"

Na ce, "An haɗa. Amma sai ka zauna ka ga abu ɗaya. In ka gani ka ce tafiya, ba zan hana ka ba."

Ya ce, "Ba ni da lokacin wasa."

Na ce, "Ita tana da shi. Zauna."

Ya zauna bakin tabarma yana tattare riga. Farida tana ba shi baya, tana tona rami. Na ce ya kira ta. Ya kira, ya sake, ya ɗaga murya. Ya dube ni ya ce, "Kin gani? Haka take yi mini, sai ta ga dama."

Na ce, "Ba dama ba ce. Je ka sa haɓarka nan, ka kira."

Sai ya tashi, ya durƙusa da farar shaddar cikin jiƙaƙƙen yashi, ya yi yadda na ce. Ta zabura ta juyo, ta ga shi ne. Ta kama gemunsa da hannun laka, ta jawo kansa ta mayar bayan kunnenta, wai ya sake. Ya sake. Sau nawa ya kira sunan nan, ban ƙidaya ba. Da ya ɗago, ya juya fuska wajen gona ya daɗe. Na kwashe yara muka koma rumfa, na bar su.

Da ya shigo abin da ya ce kawai, "Shekara biyu ina yi mata tsawa, ashe ba ta ji na."

Ni ba likita ba ce, ke ce ma'aikaciyar lafiya. Amma a ganina kunnen yana nan da rai, hanya ce ta toshe. Ki tuna, ko kunnenta ya taɓa ciwo? Babanta ya ce ranar Litinin za ku kai ta Maradi wajen likitan kunne. Kada ku bari kowa ya ce a jira.

Cakinta na cikin jaka, kada ki jefar.

Allah ya sa mu ji alheri. Yayarki,
Asama'u

*

Gidan Rumji, 24 ga Nuwamba

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Malam, ina gaida yaran rumfa su talatin. Ki yafe mini jinkiri, na so in ga ƙarshen abin kafin in rubuto.

Yaya, Farida tana ji. Bari in fara da wannan don ki numfasa.

Mun je Maradi. Likitan dattijo ne, ba ya gaggawa. Babanta ya ba shi labarin caki yana ɗan jin kunya, sai likita ya ajiye biro ya ce, "Wa ya lura da wannan?" Muka ce yayata, malamar jardan. Ya ce ƙara tana bi ta ƙashi ta kai can ciki, kuma yaron da ke ji ta haƙori kunnensa na ciki lafiya yake. Ya ce a gaishe ki, kin rage masa rabin aiki.

Da ya haska, kunnuwan biyu a cushe suke da dattin da ya daskare kamar dutse, a bayansa kuma akwai tsohon ciwo da bai warke ba. Tambayarki ta dawo mini. Tana da shekara ɗaya da rabi kunnenta ya yi ruwa, har sau biyu. Na ɗiga mata magani da kaina, ruwan ya tsaya, na ce ya wuce. Ni da nake gaya wa mata kullum su kawo yara a duba. A gaban likitan na fashe da kuka. Ya ce, "Madam, kukan ya isa, kun zo da sauran lokaci."

Ya ba mu maganin ɗigawa na kwana biyar, muka koma ya wanke. Abin da ya fito ba zan kwatanta miki ba. Muna fitowa bakin titi wani moto, wato babur, ya wuce, sai ta ƙwalla ƙara, ta toshe kunnuwa da hannu biyu, ta ƙanƙame ƙafar babanta. Mutane na kallonmu, yarinya na kuka, uwa da uba na dariya kamar zautattu.

Kunnen dama ya buɗe sosai. Na hagu da saura, likita ya ce fatar ciki ta yi rauni, tana shan magani, mu koma bayan wata uku. Ya gargaɗe mu kada mu sa ran magana za ta zubo rana ɗaya. Sai mun yi ta yi mata hira, a bar ta cikin yara, ta taɓa abu a gaya mata sunansa. Na ce a raina, ai aikin rumfar Gangara ke nan.

Kwanakin farko komai tsoro yake ba ta. Kukan Bubakar, murfin tukunya, har ruwan da nake zubawa a buta sai ta zo ta leƙa. Yanzu ta fara sabawa. Kalma huɗu ta ƙara: Baba, wake, zo, da Tanti. Wannan ta ƙarshe tana faɗinta tana kallon ƙofa.

Hajiya ta saurari bayani duka, ta ce, "To, ai iskar ce ta toshe kunnen." Ban yi musu ba. Amma jiya na same ta ta zaunar da Farida tana ba ta tatsuniya, bakinta dab da kunnen dama.

Babanta kuwa, ranar Asabar na dawo daga aiki na tarar da amalanke a ƙofar gida ana sauke yashi. Na ce gini za a yi? Bai kalle ni ba ya ce, "Na yarinya ne. A zuba a inuwa." 'Ya'yan maƙwabta biyar yanzu kullum suna gidanmu. Waya kuma na ɗora ta saman kwaba.

Na san kin so ta ƙarasa wata biyun, amma Yaya ba zan iya rabuwa da ita yanzu ba. Yau na kira ta daga madafa, murya ƙasa-ƙasa, ta taho da gudu. Na rasa abin da zan aike ta, sai na rungume ta kawai. In an yi hutun Disamba za mu zo mu duka.

Ban san da bakin da zan gode miki ba. Allah ya raya miki naki, ya sa ki gama da duniya lafiya.

Ƙanwarki,
Saliha

*

Gidan Rumji, 1 ga Disamba

Zuwa ga Yaya Asama'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon ki yafe mini wasiƙata ta baya. Na yi magana a kan abin da ban sani ba.

Ina da buƙata. Yau da safe ina shirin fita, Farida ta riƙe mini hannu a tsakar gida, ta ɗaga yatsa sama, ta karkatar da kai. Wani tsuntsu ne ke kuka a kan katanga. Ta dube ni ta ce, "Mene?" Wannan ce tambaya ta farko da ta taɓa yi mini.

Yaya, shekarata arba'in da ɗaya, ban san sunansa ba. Ƙarami ne, ja, bai kai babban yatsa biyu ba, yana sauka kusa da kaji ya tsinci tsaba. Na ce mata ta bari zan tambayo Tanti.

Don Allah a ba Iro amsa kafin Laraba, tana jira. Idan da hali a haɗo da sunayen sauran, don na lura suna da yawa.

Allah ya saka da alheri.

Ƙanenki,
Sanda